Dillalin Fayil na Injiniya Muttaka

Muttaka bai taɓa leƙa jami'a ba, amma in yana wuri ba ka isa ka kira shi da tsurar sunansa ba, sai ka sa Injiniya a gaba. Shi ya raɗa wa kansa. Kwas ɗin wata huɗu ya yi a Kano, ya dawo Haɗeja da jakar goyo, da tabarau wanda ba na magani ba, da wata sabuwar ɗabi'a ta cewa "a kimiyyance" kafin ya faɗi komai, ko da gaisuwar mara lafiya ce.

Wurin aikinsa wata 'yar cibiya ce ta koyar da rubuta manhaja, ɗaki biyu da baranda a bayan 'yan kifi. Ginin na ƙungiyar manoman shinkafa ne. Aro suka bayar, da sharaɗin in shekara ta zagayo ba su ga amfanin abin ba, za su mayar da ɗakunan ma'ajiyar taki. Malam Gana, tsohon malamin lissafi, shi ne shugaba. Mai koyarwa kuwa Ummussalma ce, wadda ta rubuta wata manhaja mai suna Tawada, a cikinta ɗalibai ke rubuta nasu ayyukan. Aikin Muttaka na ainihi shi ne tayar da janareta da goge ƙurar kwamfutoci.

Tawada tana da matsala guda. Ba ta san ko'ina ba sai kwamfutar da take ciki. Ɗalibi ya yi aiki a cibiya, ya koma gida Auyo, ba shi da damar ci gaba a wayarsa.

Ranar wata Litinin Ummussalma ta yi wa Malam Gana bayani. "Malam, wani sashe muke buƙata a tsakiya. Tawada ta ce masa, ba ni fayil kaza, ko ajiye min wannan, ko goge wancan. Shi zai san ko fayil ɗin yana kwamfuta, ko waya, ko ɗan filas ɗin da ake sokawa a kwamfuta, ko ma'ajiyarmu ta intanet. Ita Tawada ba ruwanta da inda yake. Aikin wata biyu ne in har za a gwada shi sosai. Ga shi gobe zan tafi Dutse jarrabawa, sai bayan sati uku."

"Wata biyu?" Muttaka ya yar da tsumman goge-gogensa. "Malam, a kimiyyance wannan ai dillali ne. Kai mai saye ba ka san inda buhun yake ba, dillali ya sani. Ni kuwa kakana dillali ne, a jinina abin yake. Kwana uku ya ishe ni."

"Kakanka dillalin jakuna ne," in ji 'Yar'azumi daga baranda, inda take sayar da shinkafa da soyayyen kifi. "Kuma ko su sai da ya sayar wa mutum ɗaya jaki guda sau biyu."

"Gwaggo, wannan maganar masana ce."

"To, masani, matso da ƙafarka, kana taka min murfin tukunya."

Malam Gana mutum ne mai son ganin an gama abu kafin ranar yaye ɗalibai. Ya ce a bar Injiniya ya gwada. Ummussalma ta dube shi, ta dubi Muttaka, ta ɗauki jakarta ta fita.

Kwana ukun farko a zane suka ƙare. Muttaka ya cika farin allon aji da akwatuna da kibiyoyi. Akwai Babban Dillali a sama. Ƙarƙashinsa Mataimakin Dillali. Ƙarƙashin wannan 'Yan Kamasho huɗu, kowanne da Ɗan Aikensa, kowane Ɗan Aike kuma sai ya nemi izinin Babban Dillali kafin ya motsa. Da allon ya cika ya gangara jikin bango. Sai da Malam Gana ya zo gogewa aka gane da alƙalamin maka wanda ba ya goguwa ya yi zanen.

"Da gangan na yi," in ji Muttaka. "Tarihi ba a goge shi."

A rana ta goma ya haɗa Dillali da Tawada. Sadiya, 'yar 'Yar'azumi, wadda ke rubuta manhajar jerin abincin mahaifiyarta, ita ta fara gwadawa. Ta nemi fayil ɗinta. Aka jira. Ta fita ta taya uwarta wanke kwanuka, ta dawo, fayil bai iso ba.

"Injiniya, da can ina dannawa yake buɗewa."

"Da can fayil ɗin ba shi da tsari. Yanzu sai ya bi ta ofis goma. Babban abu ai ba ya gudu a titi."

Bayan minti shida fayil ya bayyana. Muttaka ya sa ɗalibai suka yi tafi.

Washegari ya soke jakunkunan ajiya gaba ɗaya. Da kowane ɗalibi yana da jakarsa da sunansa a jiki. Muttaka ya ce wannan wariya ce, Dillali ba ya bambanta ɗan wane da ɗan wane, ya zuba fayilolin kowa wuri ɗaya. Sai kuma wata rigima ta taso. Duk fayil ɗin da sunansa ke da harafi mai lanƙwasa, ƙ ko ɗ ko ɓ, da Dillali ya gan shi sai ya sandare. Muttaka ya yi yini guda yana zufa, ya kasa gano dalili. Da la'asar ya miƙe ya sanar da aji cewa ya magance matsalar daga tushe: daga yau Dillali zai riƙa yanke lanƙwasar kowane harafi.

"Turawan da suka ƙera kwamfuta ba su da lanƙwasa," ya ce, "kuma ga shi sun je wata."

Cikin ɗaliban akwai Tasi'u, magidanci mai 'ya'ya uku, magatakardan ƙungiyar manoma a Auyo. Manhajar rabon taki yake rubutawa, yana da fayil mai suna ƙari, na manoman da za a ƙara wa buhu. Ita kuwa Sadiya tana da fayil mai suna kari, na abincin safe. Da Dillali ya yanke lanƙwasa, sunayen suka zama ɗaya, ya riƙa ba kowa fayil ɗin ɗan'uwansa.

Ranar Alhamis Tasi'u ya kawo wani dattijon manomi don ya nuna masa ci gaba. Ya rubuta sunan dattijon, ya nemi ƙarin da ya samu. Bayan minti shida allo ya amsa: koko ludayi biyu, ƙosai biyar.

Dattijon ya gyara zaman hularsa. "Eka huɗu nake nomawa, Tasi'u. Ƙosai biyar?"

A can gefe Sadiya ta ƙwala kira. "Inna! Manhajarki ta ce gobe da safe ki dama takin yuriya buhu biyu!"

'Yar'azumi ta shigo da ludayi a hannu. "Ina Injiniyan?"

Injiniya yana bayan janareta, wai yana duba mai.

Daga nan ɗalibai suka fara ƙorafi. Kullum Dillali sai ya fito da jan rubutu: an kasa ajiyewa, an kasa samowa, babu sabis. Malam Gana ya ce wannan jan rubutun yana tayar masa da hawan jini. Muttaka ya ce a ba shi awa ɗaya. Da ya dawo, jan rubutu ya ɓace ɗungurungum. Kome ka sa Dillali, amsa ɗaya yake bayarwa da koren rubutu mai kyau: An gama lafiya.

"Ka ga aiki," in ji Malam Gana. "Yaya ka yi?"

"A kimiyyance, Malam, dillalin kirki ba ya tayar wa mai kaya hankali."

Don ya rufe bakin masu surutu, Muttaka ya ce zai bi Tasi'u Auyo a gwada Dillali a gaban manoma. Lokacin ruwa ya cika fadama. Suka hau babur har inda hanya ta ƙare, suka shiga kwale-kwalen wani masunci mai suna Haruna, ya ratsa da su ta cikin ciyawar kacala zuwa wani ƙauye a tsallake. Tasi'u ya zauna gindin tsamiya da kwamfutar cibiya a cinya. Manoma suka yi layi. Awa uku yana rubuta sunaye da girman gonaki, yana turawa ma'ajiyar intanet, kowane suna Dillali na cewa An gama lafiya. Muttaka kuwa yana zagaye layin yana gaya wa mutane sunayensu yanzu haka sun isa Amurka.

A hanyar dawowa, tsakiyar ruwa, Tasi'u ya ciro wayarsa zai kira gida. Ya daɗe yana kallonta.

"Injiniya, garin da muka baro fa babu sabis. Ko ɗigo. Tun da aka kafa shi babu."

"To?"

"To ina sunayen suka tafi?"

"Dillali ya riƙe su."

"A ina?"

"A ransa."

Tasi'u ya buɗe kwamfuta ya nemi fayil ɗin. Har suka wuce gonaki biyu da ruwa ya shanye kafin amsa ta zo. Fayil ɗin fari fat, ko alif babu. A ƙasansa koren rubutu: An gama lafiya.

"Suna cikin iska," in ji Muttaka. "Sabis kawai za su gani su sauka." Ya miƙe tsaye a cikin kwale-kwalen, ya ɗaga wayarsa sama.

"Malam, zauna," in ji Haruna.

"Ga sandar sabis ɗaya ta shigo!"

"Malam, jirgin nan ba ya son tsayuwa."

"A kimiyyance, nauyin mutum in ya..."

Bai ƙarasa ba. Abin da Haruna da Tasi'u suka gani shi ne hannu ɗaya a saman ruwa riƙe da waya, sauran Injiniya yana ƙasa yana shan kogin Haɗeja. Haruna ya fara karɓar wayar ya ajiye, sannan ya kamo mai ita ta wuyan riga. Muttaka ya fito da ganyen bado a ka, tabarau ya tafi.

Kafin su iso gari labari ya riga su. 'Yar'azumi ta tarbe shi a baranda. "Sannu da zuwa Amurka. An ce ta ƙarƙashin ruwa ka bi."

"Gwajin juriya na yi, Gwaggo. Wayar ko laima ba ta taɓa ta ba."

Ummussalma ta dawo ana gobe bikin yaye ɗalibai. Ta zauna ta karanta abin da Muttaka ya rubuta. Tun tana karantawa da ido har ta koma riƙe kai.

"Malam Muttaka, nan wurin ka rubuta in an sami matsala a ce An gama lafiya."

"Haka ne."

"Nan kuma in ba a sami matsala ba a ce An gama lafiya."

"Daidaito ke nan."

"To yaya mutum zai san aikinsa ya shiga?"

"Da imani."

Ta je ta sami Malam Gana ta ce a cire Dillali kafin gobe. Malam Gana ya nuna mata katin gayyata. An riga an raba ɗari da hamsin, a jiki an rubuta da manyan baƙaƙe: Ƙaddamar da Dillalin Fayil, Irinsa na Farko a Afirka ta Yamma. Muttaka ne ya kai aikin wurin masu buga kati.

Ranar biki aka kafa rumfa a ƙofar cibiya. Iyaye suka cika kujeru, masu kifi suka bar tirensu suka leƙo, 'yan acaɓa suka yi layi a baya. A kujerar gaba Alhaji Zarami ne, shugaban ƙungiyar manoma, mutumin da zai ce a bar musu ginin ko a kawo taki. Babban mutum ne mai yawan gyaran murya, ba ya gama jimla bai yi "ehem" sau biyu ba.

Muttaka ya fito cikin kwat, rana tana dukan rumfa. Ya kunna majigi, ya haɗa lasifika.

"Jama'a, yau za ku ga abin da ko a Legas ba a gani ba. Na haɗa kwamfutocin cibiya goma sha biyu. Na haɗa ma'ajiyar intanet. Ga wayata ma, na haɗa. Ranka ya daɗe, ko akwai filas a jikinka?"

Alhaji Zarami ya zaro maƙullansa. A jikinsu akwai wani filas da aka naɗe da jan zare. "Ehem. Sunayen manomanmu ne a ciki, ɗari shida da arba'in, da gonakinsu. Shekara uku muna tarawa. Ehem. Ka kula da shi."

Ummussalma ta miƙe. "Alhaji, da dai..."

"Malama, ki bar masana su yi aiki," in ji Muttaka, ya soka filas ɗin. "Yanzu duk waɗannan, a wurin Dillali abu ɗaya ne. Ba ya tambayar daga ina ka fito. Bari mu fara da jawabin maraba da baƙi, wanda Malam Gana ya ɗauka da muryarsa."

Ya rubuta baƙi, ya danna. Dillali ya yanke lanƙwasa ya tafi neman baki. A wayar Muttaka kuwa akwai wani fayil mai wannan sunan, inda yake ɗaukar muryarsa in yana wasa bakinsa kafin taro. Shi ne mafi sabo, don haka shi Dillali ya ɗauko.

Minti shida Muttaka ya cike da bayanin yadda Turawa za su zo koyo Haɗeja. Sai lasifika ta buɗe.

"Gwaji, gwaji. Jama'a, ni ne Injiniya Muttaka. A nan zan ɗan tsaya su yi tafi." Aka ji tafin mutum ɗaya, da kuma muryar Muttaka ta siririce tana cewa, "Allah ya ja zamanin Injiniya!"

'Yan acaɓa suka fara dariya. Muttaka ya daskare.

"Sai in juya wurin Alhaji Zarami," in ji lasifika. Murya ta yi kauri. "Ehem. Mu manoma, ehem, mun gode, ehem, ina hulata? Ehem. Tana kaina." Muryar ta koma ta Muttaka. "Shi wannan ko ɓawon gyaɗa ka soka a kwamfuta ka ce filas ne, madalla zai ce."

Rumfa ta kece. Wani mai kifi ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Alhaji Zarami ya buɗe baki zai yi gyaran murya, ya tuna, ya haɗiye.

Muttaka ya hau danna maɓallin tsayarwa. Umarnin ya tafi ofishin farko cikin goma.

"Malam Gana kuwa kafin ya taɓa kwamfuta sai ya yi bisimilla uku, tsoro yake kada ta cije shi. Gwaggo 'Yar'azumi, kifin shekaranjiya take sake soyawa, ni kaɗai na gano, a kimiyyance."

"Ni?" 'Yar'azumi ta miƙe tana ɗaure zani. "Ni, Muttaka? Kifin da kake lashe ƙayarsa?"

"Ita kuwa Ummussalma," lasifika ta sassauta, "gaskiya ta fi ni iyawa nesa ba kusa ba. Rabin abin da take faɗa ba na ganewa. Amma wa zai sani?"

"Mun sani!" 'yan acaɓa suka amsa baki ɗaya.

Muttaka ya rubuta goge baki. Shiru, layi ake bi. Ya sake rubutawa. Lasifika ta ce, "Yanzu bari in gwada muryar liman." Limamin unguwa yana zaune a layi na biyu.

Nan Muttaka ya rubuta goge duka, ya danna da tafin hannu.

Wannan umarnin shi kaɗai ne ya manta bai haɗa shi da ofisoshin ba. Kai tsaye ya wuce. Daƙiƙa huɗu ya ɗauka. Muryar ta yanke a tsakiyar kalma. Ta taga aka ga kwamfutoci goma sha biyu suna wofintar da kansu ɗaya bayan ɗaya. Fitilar filas ɗin Alhaji ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu. A jikin bango majigi ya haska koren rubutu, kowane harafi ya kai girman kan mutum: An gama lafiya.

"Me aka gama?" in ji Alhaji Zarami.

Sadiya ta ruga ciki ta fito tana kuka, aikinta na wata tara babu. Sauran ɗalibai suka yi cirko-cirko. Malam Gana ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ummussalma ta buɗe jakarta ta ciro wata 'yar ma'ajiya baƙa mai igiya. "Ku kwantar da hankalinku. Jiya da na karanta aikinsa na kwashe na kowane ɗalibi na zuba a nan. Ku cire Dillalin nan, a mayar da Tawada yadda take."

"Ai ba sai an cire ba," in ji Tasi'u daga gaban kwamfuta. "Ya goge kansa."

Muttaka ya duba wayarsa. Babu hoto, babu lamba, babu Dillali. Kwafi ɗaya tak yake da shi, shi ma ya bi sahu.

Cikin rabin awa ɗalibai suka nuna ayyukansu ɗaya bayan ɗaya, kowane fayil na buɗewa ana dannawa. Manhajar Tasi'u ta ba dattijon nan buhu biyu na taki, ya ce yanzu aka yi magana. Alhaji Zarami ya kalla har ƙarshe, sannan ya miƙe.

"Ehem." Ya dubi 'yan acaɓa, suka sunkuyar da kai. "Gini dai ku ci gaba da zama, albarkacin Malama. Sai filas ɗina. Malama, shi ma kin kwashe?"

"Ranka ya daɗe, yau na fara ganinsa."

Alhaji ya juya wurin Muttaka, wanda ke ƙoƙarin sulalewa ta bayan rumfa, 'Yar'azumi ta tare hanya.

"Zo nan, ɗan nan. Ɗari shida da arba'in. Daga Auyo har ƙauyukan tsallake. Gona-gona za ka bi, ka rubuto min su da hannunka. Ba ka dawo garin nan ba sai sun cika."

"Ranka ya daɗe, amma a lura da abu ɗaya," in ji Muttaka. "Na'ura goma sha biyar cikin daƙiƙa huɗu. A nuna min wanda ya taɓa yin haka a Jigawa."

Washegari da hantsi aka gan shi a tashar babura, yana gaya wa masu jiran fasinja cewa ƙungiya ta naɗa shi Babban Daraktan Tattara Bayanai na yankin Auyo baki ɗaya. Yana cikin bayani Ummussalma ta sauko daga adaidaita, ta miƙa masa littafin rubutu mai ganye tamanin da biro guda ɗaure da zare.

"Rataya a wuya," ta ce.

Ya jujjuya biron. "Malama, ai da fensir kika kawo. A kimiyyance in mutum ya yi kuskure..."

"Fensir da abin gogewa yake zuwa," ta ce. "Hau babur."